Taku Tara Daga Soron Malam Jaji

Panshekara
Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Iya Zuliha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma hayaƙin turarar shinkafa bai ƙara taɓa miki ido ba. Mama tana gaishe ki. Ni lafiya lau, sai ɗan zazzaɓi na kwana biyu, ya wuce. Har yanzu ba a kira mu bautar ƙasa ba, ina bin wani mai awon filaye ina riƙe masa igiya.

Malam Mika'ilu direba ya kawo min takardarki ranar Alhamis. Na so in kira ki a waya, sai ya tuna min ƙarar injin casa ta daɗe da taɓa miki kunne, rubutu ya fi miki. To bari in maimaita abin da na fahimta, in da kuskure ki gyara min tun da wuri.

Ɗanki Sagiru ya rasu da ƙyanda a daminar 1978 yana da shekara huɗu, lokacin kuna zaune a Gangaren Jaji, kafin a ba marigayi Malam Dalhatu gonar noman rani ku koma Kura. An binne shi a maƙabartar da ke tsakanin Soron Malam Jaji da kogin Challawa. Ke ba ki je ba, tunda mata ba sa bin gawa. Da Malam Dalhatu ya dawo ya ce miki: daga kusurwar soron ta gabas, wadda ke kallon kogi, taku tara a miƙe zuwa kuka. Yanzu kin ji kogi yana cin maƙabartar, liman ya yarda a ɗebe waɗanda ruwa zai kai gare su, kina so a ɗauko Sagiru a kwantar da shi a Kura kusa da mahaifinsa. Kin nemo ni ne don an ce miki awon ƙasa na karanta, kuma ke da kakana 'ya'yan wa da ƙani ne, ko da yake sau biyu kacal kika taɓa ganina.

Na je ranar Asabar. Soron yana nan. Ɗaki ne na ƙasa mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita biyar da ɗan ɗoriya, rufin azara, zankwaye biyu sun rage a samansa. Mutanen wurin sun ce Malam Jaji ya gina shi tun kafin zuwan Turawa, a ciki yake karantarwa, a ciki matafiya suke jira kogi ya janye su ƙetare. Ban ga rubutun da ya tabbatar da haka ba, abin da ake faɗa ke nan. A bayansa akwai rijiyoyin marina goma sha ɗaya, duk an cike su da shara. Ta yamma ana hango gadar jirgin ƙasa. Ta kudu kuma kogi ne da masu ɗiban yashi. A awa ɗaya na ƙirga tifa ashirin da uku.

Kukar ba ta nan. Mutum uku na tambaya yaushe ta faɗi, kowa da shekarar da ya faɗa min.

Na tsaya a kusurwar na yi taku tara da ƙafata, na nufi inda suka ce kukar take. Na faɗa kan tudu uku a jere. Na tsakiyar gajere ne, na yaro. Daga nan zuwa bakin gaɓa mita huɗu ne, kuma ƙasar ta tsage a wuri biyu.

Iya, kada ki ji na ambaci na tsakiya ki ɗauka na ce shi ne. Ban ce ba. Takuna daban, takun Malam Dalhatu daban. Ki faɗa min tsayinsa, da ko ya ce an sa wata alama, da duk abin da kika tuna na wurin ko da kina ganin ba shi da amfani. Mai unguwa ya sa Juma'a 2 ga Agusta don haƙa. Akwai lokaci, amma ba da yawa ba.

Jikanki,
Fatihu

Kura
Ranar Asabar

Maigidana Fatihu,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, ido kuwa sai addu'a. Ka sha maganin zazzaɓin ya ƙare, kada ka bar rabi. Ka gaida uwarka, ka ce mata na ga ɗan da ta haifa min, miji sai tambaya kamar alƙali. Kakanka ma haka yake. In an aike shi sayen gishiri sai ya dawo ya tambayi na wane gari.

Malam dogo ne. Ƙofar ɗakina ta san goshinsa. In yana tafiya ni sai na haɗa da sassarfa. Alama kuwa ya ce bakin tulu suka kafa, amma shekara arba'in da shida, awaki kaɗai sun isa su kawar da shi. Kada ka tsaya neman tulu.

Kusurwar ita ce abin riƙo. Soron nan ba ya motsi. Tun muna yara ake cewa kogi yana jin kunyar Malam Jaji, ya ci gona, ya ci gida, in ya zo gindin soro sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Duk wanda ya zo Kura daga can, mai kawo shinkafa shanshera ne ko ɗan biki, sai na tambaye shi soro yana nan? Ya ce yana nan. Ba na ƙara wata tambaya. In soro yana nan, Sagiru yana nan.

Ka ce in faɗa maka abin da na tuna. Bayan rasuwar mun yi wata bakwai kafin mu tashi. Nakan fake da ɗebo ruwa in bi ta burtali, wato hanyar shanu da ta ratsa tsakanin bayan soro da marina. Garken Fulani guda yakan bi ta nan zuwa mashaya, sai ka raɓe da bango su wuce. A nan nake tsayawa da tulu a kaina, soron yana tsakanina da shi. Ban taɓa zagayawa ba. Sau ɗaya na kai kusurwar baya, wani marini ya ɗago ya dube ni, na juya.

Na haifi mata uku bayansa, duk suna ɗakunansu, Alhamdulillahi. Namiji shi kaɗai ne. Ba ina ƙorafi ba ne.

Na san ba mutum za ka tarar ba. Yaro ɗan shekara huɗu, me zai rage? Ƙasar wurin ma ta ishe ni. A ɗebo ta a farin ƙyalle a kawo, in san yana inda in na mutu ba za a yi nisa da ni ba. Gajeren nan na tsakiya da ka gani, zuciyata ta ba ni shi ne.

Allah Ya yi maka albarka.

Matarka tsohuwa,
Zuliha

Panshekara
Litinin, 22 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Iya Zuliha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da Anti Murja da ke zaune tare da ke, da yara. Na shanye maganin. Ruwa ya yi yawa a nan, satin nan sau huɗu.

Na gode da bayanin. Na samo wani dogon mutum cikin masu lodin yashi, na roƙe shi ya yi min taku tara daga kusurwar, sau uku. Duk ukun sun faɗa tsakanin mita shida da rabi da mita bakwai, wato a kan tudu na tsakiya. Ta wannan gefen maganar ta yi daidai.

Amma akwai abin da ya hana ni sakewa, kuma daga takardarki ya fito. Kin ce garken shanu yana bi tsakanin bayan soro da marina. Na auna. Daga bangon baya zuwa bakin rijiya ta farko mita ɗaya ne da rabi. Jaki da kaya ba zai bi ba sai ya goga. Rijiyar marina ba ta tashi daga inda aka haƙa ta.

Abu na biyu. A inda ƙasa ta tsage kusa da tudun, na ga wani shimfiɗaɗɗen abu mai tauri a ƙarƙashi, ja-ja, kaurin yatsa biyu. Ya yi min kama da daɓen ɗaki. Ban san abin da daɓe yake yi a maƙabarta ba.

Na koma sashenmu a jami'a, na samu wani hoto da aka ɗauka daga jirgin sama a 1976. Ya dushe, soron ɗigo ne kawai a ciki. Sai na daidaita shi da ginshiƙan gadar jirgi da rijiyoyin marina kafin in iya cewa wani abu, kuma ba na so in faɗi abin da zan dawo in janye. An kuma ce min in ga Baba Nasiru, tsohon maginin da yake yi wa soron yaɓe. Yana Dawakin Kudu wurin 'yarsa, sai ƙarshen wata zai dawo.

Mai unguwa ya ce ranar haƙa, duk kabarin da ba mai shi za a kai shi sabuwar maƙabarta a jera su wuri ɗaya, daga nan ba mai iya rarrabewa. Saboda haka na roƙe shi kada a taɓa na tsakiyar sai na ba da magana. Ya yarda.

Iya, don Allah kada ki shirya komai tukuna.

Jikanki,
Fatihu

Kura
Ranar Alhamis

Maigidana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Murja ta amsa.

Na karanta sau biyu. Dogon mutum ya taka sau uku ya faɗa a kansa, ka kuma sa mai unguwa ya riƙe mana shi. To me ya rage? Allah Ya saka maka.

Zancen burtali kada ya dame ka. Ni tsohuwa ce, abin da na gani ina da shekara ashirin da biyu nake ba ka. Wataƙila marina aka ƙara haƙawa bayan tashinmu. Daɓe kuwa, garin nan kaf a kan tsohon gari yake zaune, ina za ka haƙa ba ka taɓa ɗakin wani ba?

Ka ce kada in shirya. Yaro, shekara arba'in da shida nake shiri. Na aika wa limaminmu, ya ce akwai wuri ta ƙafar Malam, ya sa an kafa ƙaya a kai don a riƙe mana shi. Mika'ilu zai zo da motar ranar Juma'ar, ya ce zai wanke ta, ba zai ɗauko buhu ko ɗaya ba. Matan da muke turara tare sun ce za su zo su zauna da ni. Wannan karon ma ba zan je maƙabarta ba, amma motar za ta tsaya a ƙofar gida kafin ta wuce. Zan ɗora hannu.

Ka rage wasi-wasi, ba ya kai mutum ko'ina.

Zuliha

Kura
Juma'a

Fatihu,

Salam. Ban san ko kana lafiya ba, tunda ba ka ga damar faɗa min ba.

Juma'ar da ta wuce Mika'ilu ya je da mota ya dawo da ita babu komai. Ya ce an ɗebe na dama da na hagu da sauran duka, an bar nawa shi kaɗai a bakin gaɓa, wai kai ka ce a ƙara maka kwana biyu. Mata sun zauna a tsakar gidana har la'asar, suka tashi ɗaya bayan ɗaya ba wadda ta iya dubana. Na ce ba komai, yaron mai hankali ne, akwai dalili. Na jira takarda. Asabar, Lahadi, Litinin.

Jiya Mika'ilu ya tsaya a zaure ya ƙi shigowa. Sai da na aika Murja ta tsare shi ya faɗa. Ranar Talata da hantsi gaɓar ta rufta, ta tafi da shi.

Shekara arba'in da shida yana kwance ba abin da ya taɓa shi. Na sa ka a ciki, wata ɗaya kacal ka yi. Kana da igiya, kana da hoton jirgi, kana da dogon mutum. Kwana huɗu kawai ruwan ya ba ka bayan Juma'a, ka zauna kana lissafi.

Ban zage ka ba. Ƙaddara ce, na sani. Amma ka rubuto ka faɗa min me kake aunawa ranar Juma'ar. Ina so in ji.

Zuliha

Panshekara
Litinin, 12 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Iya Zuliha,

Assalamu alaikum. Ina fatan jikinki lafiya. Ni lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba.

Kin tambayi abin da nake aunawa ranar Juma'a. Ba na auna komai. Na gama awo tun ranar Laraba. Tsoro ne ya tsayar da ni. Zan faɗa miki yadda aka yi a jere, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Laraba 31 ga Yuli na samu Baba Nasiru magini a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar cebur. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, an taɓa gusar da Soron Malam Jaji?"

Ya ce, "Gusarwa? Wa ya isa? Gyara dai muke yi."

Na ce wane irin gyara.

Ya ce, "In ruwa ya jiƙa gindin bangon gaba har ya fara kumbura, ba a jayayya da shi, sai a bar masa. Bangon baya lafiyarsa lau. Sai shi ya zama na gaba, mu ɗora uku a bayansa, mu kwashe azarorin mu mayar. Haka na ga ubana ya yi."

Na ce, "Ai ɗakin ya ja baya ke nan da tsawonsa guda."

Ya ce, "Bangon soron yana ciki, azarar soron tana sama. Ina jan baya a nan?"

Na tambaye shi sau nawa aka yi tun 1978. Ya ƙirga a yatsa: shekarar babban ruwa yana saurayi yana miƙa wa ubansa tubali, shekarar da ya aurar da 'yarsa ta fari, shekarar da tifofi suka fara sauka har gindin gaɓa, sai ta ƙarshe shekara huɗu da suka wuce. Huɗu ke nan. Na ce, "To Baba, a cikin bangwayen nan huɗu na yanzu, wanne ne hannun Malam Jaji ya taɓa?"

Ya ajiye ƙotar ya dube ni. Ya ce, "Kai ɗan boko ne ko ɗan sanda?"

Ba ƙarya yake yi ba, Iya. Shi har zuciyarsa soron bai motsa ba. Waɗanda kike tambaya su ce miki yana nan, su ma ba ƙarya suka yi ba. Kowane gyara da bango ɗaya na jiya a cikinsa, ido bai taɓa ganin ranar da soron ya tashi ba. Burtalinki ne ya shanye tafiyar, shi ya sa ya ƙare.

Na koma kan hoton 1976 na ɗora shi a kan na yanzu, gada kan gada, marina kan marina. Soron da kika sani yana mita ashirin da ɗaya kudu da wanda yake tsaye yau. Zan iya kuskuren mita ɗaya ko biyu, ba zai wuce haka ba. Taku taran Malam Dalhatu daga waccan kusurwar suke farawa. Inda suka ƙare yanzu ruwa ne, mita goma sha bakwai daga bakin gaɓa, daidai inda ake loda yashi. Na duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya. A na 2010 wurin yana nan a kan ƙasa, dab da baki. A na 2013 babu shi.

Sagiru ba ranar Talata ya tafi ba. Ya fi shekara goma da tafiya.

Tudun nan uku kuwa a kan daɓen tsohon soro aka haƙa su, bayan gyara na uku. Na kai wa mai unguwa maganar ranar Alhamis. Ya ce ya tuna na tsakiyar. Ɗan wasu makiyaya ne da suka yi rani ɗaya a bakin kogi wajen shekara takwas da suka wuce, yaron ya rasu, suka tashi da faɗuwar ruwa. An ce sun zauna ta wajen Bunkure. Bai riƙe sunan uban ba.

Sai ya ce, "Malam Fatihu, ka ji shawara. Tsohuwar nan me take nema? Ƙasa a ƙyalle. Yaro yaro ne, duk 'yan aljanna ne. Wannan ba mai zuwa nemansa. Ka ɗauka ka kai mata, ita ta huta, shi ma ya samu wuri mai kyau. Ni da kai da Baba Nasiru ne muka sani, kuma mu biyu mun kusa barin duniya."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce to gobe a haɗa shi da waɗanda ba su da kowa. Nan ma na kasa cewa to. Na tuna kin ce motar za ta tsaya a ƙofar gida. Na ga in na bari aka kai shi sabuwar maƙabarta na rufe ƙofar shawarar mai unguwa, dole in rubuto miki abin da nake rubutawa yanzu. In kuma na sa shi a motar Mika'ilu, za ki ɗora hannu a kan ɗan wata kina kiran sunan naki, ni kuma in riƙa gaishe ki da Sallah ina sane. Ranar Juma'a masu haƙa suna tsaye da cebur, mai unguwa yana kallona, Malam Mika'ilu ya buɗe bayan mota. Abin da ya fito daga bakina shi ne a ƙara min kwana biyu.

Kwana biyun suka zama huɗu. Na rubuta miki takarda uku na yaga. Ranar Talata ina wurin aiki aka kira ni.

Da takardarki ta zo na ga wata hanya ta uku. In yi shiru, ki ci gaba da ɗauka ni na salwantar da Sagiru. Da kin riƙe shekarunki arba'in da shida cif, ni kaɗai za ki rasa, kuma dama ba ki san ni sosai ba. Na kwana biyu a kan wannan. Ban sani ba ko don ke na fasa, ko don kaina. Ina jin tsoron don kaina ne.

Ga abin da na tabbatar. Sagiru ban same shi ba, kuma ba wanda zai iya samunsa. Yaron makiyaya kuwa da yanzu yana kwance a sabuwar maƙabarta tare da sauran, ni na sa aka bar shi. Wannan ba ƙaddara kaɗai ba ce, da bakina a ciki.

Na haɗo miki da zanen wurin. Jan ɗigon shi ne inda taku tara suka ƙare. In ba kya son gani ki ba Anti Murja ta ajiye.

Ki yafe min in za ki iya. In ba za ki iya ba yanzu, na fahimta.

Fatihu

Kura
Lahadi

Fatihu,

Wa alaikumus salam. Ina nan da rai. Kwana uku ban hura wutar turara ba, jiya na hura.

Na duba zanen. Ban gane layukan ba, jan ɗigon na gane. Na aika wa liman a cire ƙayar.

A 2013 ina nan ina tambayar mutane soro yana nan. Na yi ta juya wannan. Ba na jin haushin Nasiru magini, tare muka yi wasan ƙasa, tun yana yaro in ya fasa ƙwarya sai ya ce dama a fashe take. Malam ma ya faɗa min gaskiyar ranar. Ba wanda zan kama.

Da ka kawo min yaron nan da na karɓa. Da na ɗora hannu na yi kukana na huta, in mutu ban sani ba. Kada ka ɗauka na gode maka. Ban kai nan ba tukuna, wataƙila ba zan kai ba. Amma ka daina cewa ko don ni ko don kanka. Wannan tambayar ba ta da amfani ga kowa, kuma ba ni zan sauke maka ita ba.

Ga abin da ya hana ni zama. Ka ce ba mai zuwa nemansa. Mai unguwa namiji ne, shi ya sa ya faɗi haka. Yaron nan yana da uwa. Ita ma ba ta bi gawa ba. Mijinta ya dawo ruga ya faɗa mata inda aka sa shi, tana nan ta riƙe, duk mai saye da ya zo daga wajen Gangaren Jaji tana tambayarsa soro yana nan. Za a ce mata yana nan.

Bunkure ba nisa. Masu kawo mana nono daga can suke. Ka koma wurin mai unguwa da liman da duk wanda ya yi sallar yaron, ka samo min sunan uban, ko sunan ardonsu, ko shekarar da watan. Irin wannan ka iya. Kada ka je rugar da kanka, kuma kada ka rubuta mata komai. Za ka fara da mita da shekarar hoto, kafin ka kai ƙarshe ka kashe ta.

Ka kawo min sunan kawai. Ni zan je in faɗa mata.

Zuliha